Wa Ya Kori Dodo Daga Zango?

A daminar da ta wuce, a wani gida cikin zangon Kumasi, wani magidanci ya ɗaga matashin kan 'yarsa mai shekara 15, sai ya tarar da littafi a ƙarƙashi. Bangonsa baƙi ne, an zana wata ƙofa a buɗe, babu kowa a bakinta. Tarin gajerun labaran ban tsoro ne da Turanci, irin kwancen littattafan nan da ake bazawa a ƙasa a gefen titi wajen kasuwar Kejetia, a saya da 'yan sidi kaɗan. Bai tambayi yarinyar abin da ke ciki ba, bai kuma buɗe ya duba ba. Ya wuce da shi madafa ya cusa a murhu. Da aka idar da sallar isha'i ya kawo labarin majalisa yana alfahari, dattawa suna gyaɗa kai suna sa masa albarka. Muna zaune a wurin. Mun ja bakinmu mun yi shiru saboda girman furfura, amma shirun ya tsaya mana a maƙogwaro tun daga daren, kuma yau za mu fitar da shi.

Abin da ya faɗa shi ne abin da muka saba ji daga masu irin ra'ayinsa. Wai karanta labarin fatalwa a kan shimfiɗa ɗabi'ar Nasara ce, wai 'yar Musulmi ba ta kwana da irin wannan ƙazanta a ƙarƙashin kanta, wai mu Hausawa ba mu gaji haka ba. Maganar ƙarshen nan ce ta fi ɗaure mana kai, domin tsohuwar da ta raine shi ita ce ta raine mu, Allah Ya jiƙanta, kuma ba mu manta abin da take zuba mana a kunne ba idan an ci tuwon dare an shimfiɗa tabarma.

Ita ce ta ba mu labarin budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, ko da tabon bai fi ƙwayar gero ba. Samari suka yi ta zuwa, ana dubawa ana kora, har ran da wani baƙo ya sauka a garin, jikinsa sumul kamar sabuwar tasa. Aka ɗaura aure, ya ɗauki amarya suka kama hanyar garinsu. Da suka yi nisa da gida sai ango ya fara mayar da kayan aro. Ya tsaya nan ya ba da rawani, ya tsaya can ya ba da riga, gaba kaɗan ya tuɓe fata ya miƙa wa mai ita, sannan ƙafafu, sannan hannuwa. Amarya tana biye tana kallo, rana tana faɗuwa, babu hanyar komawa. A wani gidan za ka ji an ce maciji ne ya rage, a wani an ce Dodo ne, amma a bakin tsohuwarmu ba ta taɓa faɗin mene ne ba. Sai dai ta yi shiru, ta kalli bakin zaure inda hasken aci-bal-bal bai kai ba, mu kuwa mu matso mu manne da zanenta. Mun karanta littattafai da yawa daga baya, ba mu ga marubucin da ya fi ta sanin inda ake yin shiru ba.

Ita ce kuma ta kai mu ruwan Bagaja tare da 'yar bora, wadda ta yi sallama a wata bukka cikin daji, abin da ya amsa mata cinya ce, cinya ita kaɗai babu gangar jiki, da kare a gefe yana yi mata tafinta. Ta ba mu labarin Ta-Kitse, da kishiyoyi suka matsa mata ta fita cikin rana ta narke tana ji tana gani. Dodo kuwa ba a magana: shi ne a bakin rafi yana jiran 'yan mata masu ɗibar ruwa, shi ne mai haɗiye gari da mutanensa da dabbobinsa. Duk wannan a kunnen yara 'yan shekara bakwai da takwas, kuma ana gamawa aka ce a tashi a kwanta. Wannan magidanci da ya ƙona littafi da waɗannan ya yi barcin yarintarsa, ya girma lafiya, ya yi aure, ya je Makka ya dawo.

A tuna ma cewa al'adarmu ta hana tatsuniya da rana. Ana ce wa yaro in ya yi zai ɓata, sai fa in ya ɗaure Gizo tukuna. Hikimar a fili take, kada hira ta hana aiki. Amma sakamakonta shi ne kakanninmu sun keɓe wa labari lokaci guda tak, tsakanin tuwon dare da barci, suka kuma cika lokacin da mayu da dodanni da kurayen da ke rikiɗa mutane. Wanda duk ya ce ba mu gaji kwana da tsoro ba, to bai san gadon gidansu ba.

Kada kuma wani ya ce ai wannan shirmen tsofaffin mata ne da masu ilimi ba su taɓa kulawa da shi ba. A nan ƙasar, tun Turawa suna kiranta Gold Coast, wani malami mai suna Malam Shaihu ya zauna ya rubuta tatsuniyoyi da al'adu da karin magana da ajami, kuma Baturen mulki R. S. Rattray ya buga su a Oxford a 1913, juzu'i biyu, har da hoton rubutun hannun malamin. A ciki akwai labarin mayya da autan gida da ya fi ta wayo. Malami ne mai tawada da alƙalami, bai ga cewa rubuta labarin mayya ya taɓa masa imani ba. A daidai wannan zamani, tsakanin 1911 da 1913, aka buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku, kuma mafi yawan abin da ke ciki malamai ne suka fara rubuta shi da ajami. Ashe ɗaya daga cikin tsofaffin kundayen labaran dare na Hausa a zango aka haife shi, a hannun irin mutanen da yau jikokinsu ke ƙona kundi.

Littattafan da dattawan majalisar ke yabo ma a kan dare aka gina su. Dare Dubu da Ɗaya labarin mace ne da ke ba da labari a ɗakin barci, takobi na jiranta da asuba in labarin bai yi daɗi ba, kuma cikinsa cike yake da ifiritai da gawarwaki. A littafin farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fara fitarwa a 1937, aku yana riƙe ɗan sarki Musa da labarai dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon maƙiya. Su ma Turawan da ake jingina wa ɗabi'ar, nasu da baki ya fara. M. R. James, malamin jami'ar Kambirij da ya fitar da kundinsa na labaran fatalwa a 1904, karanta wa abokansa yake yi da dare a hasken kyandir lokacin Kirsimeti. Tsohuwarmu da wannan Bature sana'a ɗaya suke yi, bambancin kawai shi ya sami maɗaba'a.

To me ya sa mutum mai hankali zai zaɓi abin da zai kaɗa masa hanta a daidai lokacin da yake neman hutu? Harshenmu ya riga ya ba da amsa, domin ya raba tsoro da zullumi. Tsoro yana da fuska, yana da lokacin zuwa da lokacin tafiya. Zullumi ba shi da ko ɗaya. Abin da ke hana babba barci a zango ba fatalwa ba ce. Kuɗin haya ne da mai gida ke nema na shekara biyu a dunƙule, takardar asibiti ce, ɗa ne da ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya wata huɗu ba a ji muryarsa ba. Abin da ke hana 'yar shekara 15 barci kuwa jarrabawa ce, da maganar da ƙawa ta yaɓa mata, da auren da ta ji ana ƙus-ƙus a kansa. Waɗannan ba su da ƙarshe, kai ne kawai ke juya su kamar waina har asuba. Labarin ban tsoro yana zuwa ya kama hankalin gaba ɗaya, ya tattara fargabar da ta watsu a jiki ya ɗora ta a kan abu guda, wata ƙofa, wani sawu a soro, wata murya a rijiya. Zuciya ta buga, tsikar jiki ta tashi, sannan labari ya ƙare. Mai karatu ya ɗaga kai ya ga ɗakinsa yadda ya bar shi, ga buta, ga sallaya, ga numfashin ƙanwarsa a gefe. Wannan ajiyar zuciyar da ke biyo baya ita ake nema, kuma wanda bai taɓa jin ta ba zai yi ta mamakin masu nemanta.

Nan ne gajeren labari ya fi dogon littafi dacewa da matashin kai. Dogon labari maƙaryaci ne, kullum yana ce maka saura babi ɗaya, har ka ji kiran assalatu. Gajere kuwa shafi goma ne ko ashirin, ka shiga ka fita kafin ido ya yi nauyi, gobe ka buɗe wani daban. Edgar Allan Poe na Amurka, wanda ake ɗauka uban wannan fanni a wajensu, ya yi jayayya tun a shekarun 1840 cewa ƙarfin labari yana cikin a karance shi a zama ɗaya, kada harkokin duniya su shiga tsakani su tsinka shi. Kakanninmu ba su rubuta maƙala a kai ba, amma sun yi wa abin ƙofa biyu. Ana cewa ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa, an buɗe ke nan. Ana cewa ƙurunƙus, an rufe, Dodo ya koma inda ya fito, har mai labarin ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, wato ta shaida wa yaro da bakinta cewa duk abin nan ƙirƙira ne. Bangon kundi aikin da yake yi ke nan. Ana rufe shi a tura ƙarƙashin matashi, abin da ke ciki ya zauna a ciki.

Har a jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak akwai masu binciken da aikinsu ke nan, nazarin tsoron da mutane ke nema da kansu don nishaɗi. Abin da suka gano a gidajen wasan firgitarwa shi ne daɗin yana tsakiya: in tsoron ya yi kaɗan abin ya zama lami, in ya yi yawa ya zama azaba. Tsohuwarmu ta san wannan ma'auni ba tare da na'ura ba. Tana kallon fuskokinmu, in ta ga ƙaramin cikinmu ya fara taɓe baki sai ta sako Gizo da Ƙoƙi a yi dariya.

Abin da ba shi da ma'auni, ba shi da ƙurunƙus, yana cikin aljihun magidancin nan da kansa, kuma shi ya saya wa 'ya'yansa irinsa. A waya ake turo hoton gawar wanda mota ta take, da bidiyon ɓarawon da aka ƙona da taya, da muryar wata da ake yi wa ruƙiyya tana kururuwa, ana gama wannan wani ya hau, babu mai cewa ƙarya ce domin ba ƙaryar ba ce. Yaranmu suna kallon wannan da ƙarfe ɗayan dare, wasunsu ma daga rukunin WhatsApp na dangi ya iso musu. Ba mu taɓa jin an jefa waya a murhu ba. Littafin da aka tsara da hankali, mai farko da ƙarshe, shi aka ga dama.

Sai maganar addini, wadda ita ce sandar da ake ɗagawa in hujja ta ƙare. An ce an karhanta hira bayan isha'i. Gaskiya ne hadisin yana cikin Bukhari, kuma a cikin Bukharin akwai babi a kan hirar dare ta neman ilimi da babi a kan hirar dare da iyali da baƙo. Mu dai abin da muka lura shi ne, wanda ya kawo wannan hujja ya kawo ta ne a majalisa, bayan isha'i, kuma ba a tashi ba sai da aka gama da siyasar NDC da NPP da cin naman maƙwabta har kusan sha ɗaya. An ce kuma irin wannan karatu yana jawo aljanu. Mun yi imani da samuwar aljanu, sura ta 72 sunansu take ɗauke da shi. Amma cewa takarda da tawadar wani marubuci suna kiran aljani ɗaki, wannan camfi ne tsagwaronsa, kuma mai faɗin haka ya fi mai karatun ba wa littafin girma. An koya mana abin da za mu karanta kafin mu kwanta, Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi. Tsohuwarmu tana gama tatsuniya take sa mu karanta su mu shafa, kuma ba mu taɓa yin addu'a da gaske irin ta waɗannan darare ba. Uban da ya damu da daren 'yarsa, wannan ya kamata ya tambaye ta, ko ta yi addu'a.

Ba mu ce kowane littafi ya dace da kowane yaro ba. Akwai na banza a cikinsu, jini da tsiraici kawai babu labari, kuma akwai yaron da ko kukan mujiya ya ji sai ya kwana a zaune, da wanda ya ga abin tashin hankali da idonsa yana bukatar a lallaɓa shi. Wannan aikin uba ne ya karanta ya tace, kuma ba a tacewa da ashana. Akwai kuma hatsari guda na gaske da ba za mu ɓoye ba, shi ne ranar da labari ya tsallake ƙurunƙus ya shigo unguwa. A watan Yulin 2020, a Kafaba kusa da Salaga, an yi wa wata tsohuwa mai kimanin shekara 90 dukan da ya kashe ta da rana tsaka bisa zargin maita, mutane suna tsaye suna kallo, wani yana ɗaukar bidiyo. Har yau akwai mata a Gambaga da wasu sansanoni a arewacin ƙasar nan da aka kora daga gidajensu da wannan zargi. Majalisar dokoki ta amince da dokar hana zargin maita a 2023, shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba. Mu ma a zango mun san yadda ake nuna wata gwauruwa da baki a ce ta kama kurwar yaro, a nemi ta zo ta tsallaka shi. Amma a duba da kyau, waɗanda suka yi wannan aika-aika ba daga karatun kundi suka taso ba. Mutane ne da ba a taɓa koya musu inda labari ya tsaya ba. Yarinyar da ta karanta labaran mayu hamsin, ta ga yadda marubuci ke ɗinka su, ta gane dabarar da ake sa gabanta ya faɗi, ita ce ta ƙarshe da za ta ɗauki dutse don wani boka ya nuna tsohuwa.

Yanzu ga inda abin ya fi yi mana ciwo, kuma a nan ne muke da ƙara a kan kanmu gaba ɗaya. Littafin da aka ƙona da Turanci yake. Me ya sa? Domin babu na Hausa da za ta saya. Mu a ƙasar nan tsiraru ne. Hausa tana cika kasuwa, ana jin ta a rediyo, kabilu da yawa suna ciniki da ita, amma ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu kamar Twi da Ewe da Ga da Dagbani. Ɗan Nima ko Sabon Zango a Akra yana karatu da Turanci, yana wasa da Twi ko Ga ko Turancin titi, yana haddar Larabci a makarantar allo. Ɗan uwansa na unguwar Briqueterie a Yawunde ko na Injamena Faransanci ne a gabansa. Wurin da ya rage wa Hausa shi ne tsakar gida, kuma a tsakar gidan ma ta koma harshen aike da faɗa: kawo ruwa, rufe ƙofa, ina ka tsaya. Harshen da ba a jin tsoro da shi, ba a mafarki da shi, ya kama hanyar fita daga zuciya ko da bakin yana furta shi. Tambayi yaran gidanku ma'anar fatalwa, ko kurwa, ko dannau, ko abin da ya sa ba a zama gindin tsamiya da tsakar rana. Za su ba ka labarin Madam High Heel, malamar da ƙarar takalminta ke bin ɗakunan kwanan makarantu da dare. Za su ba ka na Sasabonsam da ke zaune a kan bishiya ƙafafunsa na reto, domin maƙwabtanmu Asante ba su ji kunyar dodonsu ba. Wanda ya yi boko a Kamaru wataƙila ya san Le Horla na Maupassant. Dodo kuwa sun ɗauka sunan soyayyar ayaba ne.

Mun sami dama ma muka yi wasa da ita. A shekarun dumsor, wajen 2015, lokacin da wuta ke ɗaukewa dare da rana, duhu ya dawo tsakar gidajenmu kamar zamanin da, talabijin ta yi shiru, yara suka fito waje saboda zafi. Babu wanda ya ce ga ta nan. Kowa ya zauna yana lissafin abin da ya rage a cajin wayarsa.

Masu ƙona littafi ba su kaɗai suka kori Dodo ba. Akwai 'yan bokonmu masu kyakkyawar niyya da suka ɗauki tatsuniya suka wanke ta da sabulu, suka cire mata haƙora, suka liƙa mata darasi a gindi kamar takardar magani. A hannunsu kura ba ta cin kowa, mayya tana tuba, kowane labari yana ƙarewa da cewa mu riƙa jin maganar iyaye. Yaro yana jin ƙanshin wa'azi daga nesa ya juya baya. In ana neman ɗabi'ar da aka aro daga Turai, to ga ta nan. 'Yan uwan nan biyu na Jamus, Grimm, da suka fara buga tatsuniyoyinsu a 1812, sun yi ta gyara su a bugu na gaba don su dace da 'ya'yan masu hali, har uwar da ta so halaka 'yarta suka mayar da ita kishiyar uwa. Mu ma muka bi sahu, muna ganin wayewa ce.

Marubutanmu kuma suna da nasu kason. Shekaru ana ta kwararo littattafan soyayya daga Kano har kasuwanninmu, ba mu raina su ba, sun riƙe mana karatun Hausa a hannun mata lokacin da babu mai riƙewa. Amma Yarabawa tun 1938 D. O. Fagunwa ya shigar da maharbinsa dajin aljanu da harshensu, kuma a 1952 Amos Tutuola ya ɗauki labarin angon nan mai kayan aro, irin wanda tsohuwarmu ke ba mu, ya sa shi a littafin da aka buga a Landan duniya ta karanta. Mu da muke da Jangare, birnin iskoki, da Doguwa, da Sarkin Rafi, da aljanin da ke tafiya cikin guguwa, muna zaune a kan taska muna sayen kwance.

Kuma kada a ɗauka muna kiran a sake buga tsofaffin tatsuniyoyi kawai. Zango yana da nasa duhun da ba a taɓa ba shi labari ba. A Ajantina, Mariana Enriquez ta fitar da kundi a 2016 wanda fatalwowinsa suka fito daga unguwannin talakawa da kuma inuwar mutanen da mulkin soja ya ɓatar tsakanin 1976 da 1983, abin da iyaye ba sa iya faɗa a teburin abinci sai ya fito ta bakin labarin tsoro. Mu fa? A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. An cika manyan motoci daga zangunan nan, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, aka sayar da gidaje a wulaƙance, aka bar kaburburan iyaye babu mai ziyara. Tsofaffinmu ba sa son maganar, amma har yau in aka zo rajistar katin ɗan ƙasa aka tambayi mutum garin kakansa, sai ka ga fuskarsa ta sauya. Ina labarin gidan da masu shi suka tafi a 1969, sabon mai gida yana jin ana daka a tsakar gida kowace asuba? Ina labarin rijiyoyin Salaga, garin da kakanninmu fatake suka yi arziki da goro, suka kuma yi da bayi, abin da muke tsallakewa in muna ba da tarihin Gwanja? Ina labarin uwar da wayarta ke ƙara kowane daren Juma'a da lambar ɗanta da teku ta ci, in ta ɗauka ba ta jin komai sai ruwa? Waɗannan namu ne, babu Baturen da zai rubuta mana su, babu kuma ɗan Kano da ya san su kamar mu. Labari goma sha biyu irin waɗannan, da Hausar zango yadda muke yin ta, kowanne na minti goma sha biyar, sun isa kundi. Tsofaffin matan da suka san inda ake yin shiru saura kaɗan a cikinmu, kuma kowace waya tana iya naɗar murya.

Mun tambayi labarin yarinyar daga baya wajen goggonta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi wa mahaifinta musu ba, 'yar gidan tarbiyya ce. Wata ƙawarta ta nuna mata inda ake samun irin labaran a intanet kyauta, dubbai, babu bango babu shafin ƙarshe. Yanzu a waya take karantawa, cikin bargo, da Turanci, har sai barci ya ƙwace wayar daga hannunta. Mahaifin yana ganin hasken ta ƙarƙashin ƙofa in ya fito alwalar dare, ya ce wa goggon ai karatun jarrabawa take yi.